Ƙididdigar Aikin Gona da Rabon Ruwan Kogin Haɗeja

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda alƙaluman da ake tattarawa game da noma da kiwo da kamun kifi suke shiga cikin shawarar da mahukunta ke yankewa a kan abincin jama'a da zaman karkara. An zaɓi fadamar Haɗeja ta zama abin misali, domin a nan ne aka ga, cikin shekaru 50 da suka wuce, yadda abin da aka ƙidaya ya sami ruwa da kuɗin gwamnati, abin da ba a ƙidaya ba kuwa aka bar shi ya ji da kansa.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a bambance wasu kalmomi da akan cuɗanya a bakin jama'a. Ƙidaya ita ce a bi abu ɗaya bayan ɗaya a lasafta shi, kamar yadda manomi ke ƙirga dammunan geronsa kafin ya zuba a rumbu. Ƙiyasi shi ne a dubi abu a faɗi kimaninsa bisa sabo da gogewa. Ƙididdiga kuwa ilmi ne na tattara alƙaluma, a tsara su, a gwada wannan da wancan, har a fitar da hukunci. Galibi mai ƙididdiga ba ya bin kowace gona. Yakan ɗebi kaɗan ne ya yi wa sauran hukunci da su, tamkar mai sayen hatsi da ke cusa hannu cikin buhu ya dubi abin da ya damƙo. Idan hannunsa bai wuce bakin buhu ba, to, abin da mai kaya ya so ya gani shi zai gani.

Yanayin ƙasar

Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya miƙa gabas da sunan Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana tasowa daga duwatsun Jos, ya ratso ƙasar Bauci da Katagum. Da zarar Kogin Haɗeja ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, inda ba shi da gaɓa mai tsawo da za ta riƙe shi, saboda haka ya rarrabu rassa-rassa, ya malala ta ƙasar Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. A kusa da Gashuwa ne ragowar ruwan kogunan biyu ke haɗuwa ya zama Kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Cadi.

Damina a wannan yanki gajeruwa ce, wata 3 zuwa 4, kuma ba ta da tabbas. Ambaliyar da ke zuwa a watannin Agusta da Satumba ita ce ta sa ƙasar ta ɗauki jama'a masu yawa, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa. Fili guda yakan yi aiki sau da dama a shekara. Ana shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, ta tashi tare da shi. Yana nan kwance masunta na kama tarwaɗa da karfasa a kan gonar. Yana janyewa a bi laimar da wake ko rogo. Da rani a ja ruwa da jigo, ko injin ban-ruwa a zamanin yanzu, a yi barkono da tattasai da albasa da alkama. Abin da ya rage na ciyawa da harawa shanun makiyaya su ci. Ga itacen wuta, ga kaba da ake saƙa tabarmi da ita, ga kanwa. Har ila yau ruwan da ya kwanta yana tsuma ya sauka ƙarƙashin ƙasa, shi ne rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi ke sha.

Abin da aka ƙidaya da abin da aka bari

A zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da Haɗeja ke cikin Jihar Kano, aka shiga gina madatsun ruwa. Babbar cikinsu ita ce ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gama a 1974, daidai lokacin da fari na 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa. An yi ta ne don ta shayar da birnin Kano, ta kuma ba da ruwa ga shirin noman rani na Kadawa da Kura, wanda aka tsara kashinsa na farko zai kai hekta 22,000. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Calawa. Madatsun nan biyu su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

Ba za a ce waɗanda suka tsara wannan aiki sun yi shi babu lissafi ba. Lissafi suna da shi, mai yawa ma. Sun san adadin hektocin da za a shayar, da tan nawa na alkama da shinkafa kowace hekta za ta bayar, da kuɗin ƙasashen waje da za a tsimi idan aka rage sayo abinci. Duk waɗannan alƙaluma ne masu sauƙin samu, domin gonar shirin gwamnati an auna ta, an yanka ta, tana da lamba, ruwanta kuma ta ƙofa yake shiga. Fadama ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Girmanta na bana ba shi ne na bara ba, amfaninta kuwa rabinsa a tukunya yake ƙarewa, bai taɓa hawa sikeli ba. Saboda haka a takardun shiri, ruwan da ke malala a ƙasar Haɗeja ya fito a matsayin ruwan da ke ɓacewa cikin rairayi da rana. Wanda ya ɗauka ruwa asara yake yi, lalle ba zai ga laifin tare shi ba.

Sakamako ya bayyana a ƙasa kafin ya bayyana a takarda. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ambaliya ke rufewa ya kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, amma daga baya ya koma tsakanin hekta 70,000 zuwa 100,000. Adalci shi ne a ce ba madatsu kaɗai suka jawo haka ba, domin ruwan sama ma ya ragu a waɗannan shekaru, ga kuma farin 1983 da 1984. To amma rabe laifin fari da na madatsa shi kansa aikin ƙididdiga ne, sai da ma'aunin ruwan sama da ma'aunin tsawon kogi na shekaru masu yawa ake iya yin sa.

Lokacin da aka auna fadama

A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da wasu ƙungiyoyin kare tsuntsaye da muhalli. Abin sha'awa shi ne tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin baƙi, watau agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai su yi hunturu a nan. Da ma'aikatan shirin suka zauna, sai suka gane ba za a iya kare tsuntsu ba sai an nuna wa gwamnati amfanin ruwan ga mutane. Suka shiga ɗaukar hoton faɗin ambaliya daga jirgin sama, suna bin ƙauyuka suna tambayar abin da aka noma da kifin da aka kama da itacen da aka saro. An tattara sakamakon a wani littafi da G. E. Hollis da W. M. Adams da M. Aminu-Kano suka shirya a 1993.

A cikin wannan aiki ne Edward Barbier da Adams da Kevin Kimmage suka yi lissafin da ya shahara. Abubuwa 3 kawai suka sa wa farashi, watau noma da kamun kifi da itacen wuta. Bayan sun cire kuɗin da aka kashe, suka sami darajar naira 253 zuwa 381 ga kowace hekta ta fadama, daidai da dala 34 zuwa 51 bisa canjin 1989 da 1990. Kiwo bai shiga ba, kaba da kanwa ba su shiga ba, haka nan ruwan rijiyoyi.

Muhimmin abin da suka yi shi ne sauya ma'auni. A da, tambayar da ake yi ita ce, hekta guda buhu nawa take bayarwa? A wannan tambaya gonar Kadawa ce za ta yi rinjaye, tun da tana samun taki da ingantaccen iri da ruwa a kan kari. Su kuwa suka ce ai a wannan yanki ƙasa ba ta yi ƙaranci ba, ruwa ne abin da ake rububi a kansa, don haka kamata ya yi a tambaya, kowane awo na ruwa riba nawa yake kawowa? Da aka cire kuɗin taki da na aiki da na sauran ɗawainiya daga amfanin gonar shiri, sa'an nan aka raba abin da ya saura da ɗimbin ruwan da take sha, sai ribar fadama ta ninka ta shirin Kano sau ɗaruruwa. Gonakin su ne dai, amfanin ma shi ne, abin da aka raba da shi ne kawai ya sauya, hukunci kuwa ya juye. Wannan wuri ya cancanci ɗalibi ya tsaya ya yi tunani a kansa, domin mutane da yawa sun ɗauka ƙarya a ƙididdiga ita ce a ƙirƙiro lambar da babu ita. Sau da yawa lambobin gaskiya ne, zaɓen ma'aunin ne ya riga ya yanke shari'ar tun kafin a zauna.

Barbier ya sake komawa kan batun tare da Julian Thompson a 1998. Suka haɗa lissafin kuɗi da na tafiyar ruwa, suka gwada abin da zai faru idan an kammala dukan madatsu da shirye-shiryen da aka tsara, har da madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are. Suka tarar ƙarin da manyan gonakin ban-ruwa za su kawo ba zai maye fiye da kimanin kashi 17 cikin 100 na asarar da fadama za ta yi ba. Suka kuma nuna cewa asarar za ta ragu idan ana sakin ruwa daga madatsu da damina, daidai lokacin da shinkafa da kifi ke bukatarsa. Madatsar Kafin Zaki dai har yanzu ba a kammala ta ba, duk da an sha tayar da maganarta. Rashin kuɗi da ja-in-ja tsakanin jihohin sama da na ƙasan kogi suna cikin dalilai, amma tun daga lokacin mutanen Yobe da Borno da gabashin Jigawa suka sami alƙaluman da za su ɗora a kan tebur, ba kuka kaɗai ba.

Alƙaluman faranta rai

Akwai wani nau'in ƙididdiga da ya fi rashin ƙididdiga illa, kuma labarin alkama ya nuna shi. A farkon 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje. Farashi ya tashi, hukumar KNARDA ta Jihar Kano tana sayar da ƙananan injinan ban-ruwa da rangwame, manoma da attajiran birni suka faɗa fadamun Haɗeja, aka sare kurmi, aka nome wuraren da shanu ke kiwo da hanyoyin da suke bi zuwa mashaya. Jihohi suka riƙa shelar yawan alkamar da suka noma, alhali kamfanonin niƙa fulawa ba su sami abin da ya yi kusa da haka a kasuwa ba, fulawa kuma tana shigowa ta ɓarauniyar hanya daga maƙwabta. A 1992 aka ɗage hanin. Idan jami'in da aka ɗora wa alhakin ƙara noman alkama shi ne kuma aka ce ya kawo rahoton yawan da aka noma, ba a bukatar malamin duba kafin a san abin da rahoton zai ƙunsa. A Nuwamba 2023 a ƙasar Haɗeja aka sake ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa, saboda haka maganar wanda zai auna amfanin ba ta tsufa ba.

Wahalar ƙidaya a karkara

Talakan ƙasar Hausa yana da dalilinsa na ƙin mai littafi da alƙalami. A farkon mulkin Turawa, a ƙasar Kano, an riƙa aika malaman taki su auna gonaki da ƙafa, a yanka wa mai gona haraji gwargwadon faɗinta. Makiyayi kuma an ƙirga shanunsa don jangali. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma tsoron bai tafi tare da su ba. Sa'an nan ga al'adar gudun baki da kambun ido, wadda ke hana mutum ya faɗi yawan dabbobinsa ko abin da ke cikin rumbunsa. Daga baya kuma abin ya sami fuska ta biyu. Idan manomi ya zaci tambayar ta haraji ce sai ya rage, idan ya ji ƙanshin rabon taki ko tallafin ambaliya sai ya ƙara. Shi ya sa da aka so a san yawan dabbobin Nijeriya a 1990, sai aka haɗa da ƙidaya daga jirgin sama, aka sami shanu kimanin miliyan 13.9.

Ko da manomi ya yi niyyar faɗin gaskiya, ma'auninsa da na ofis ba ɗaya ba ne. Shi da dami yake lissafin gero da dawa, damin wani gari kuwa ya fi na wani. Mudu da tiya da kwano suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, tiyar da aka cika ta yi tozo kuma ba daidai take da wadda aka shafe ba. Barkono a buhu, tumatir a kwando, bandar kifi a kwali. Faɗin gona kuma yakan faɗe shi da yawan irin da ta ci, ko yawan 'yan ƙwadagon da za su nome ta a wuni. Mai ƙididdiga dole ya mayar da duk wannan zuwa kilo da hekta, kuma a kowane juyi kuskure na iya shiga.

Akwai darasi a aikin da David Norman ya yi daga Samaru a 1966 da 1967, a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau. Ma'aikatansa sun zauna a ƙauyukan shekara guda, suna zagaya gidaje sau 2 a mako suna rubuta aikin da aka yi da abin da aka samu. A lokacin malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona guda ci-baya ne, suna kiran manoma su ware kowane iri da gonarsa. Alƙaluman Norman suka nuna cewa gaurayen shuka ya fi kawo amfani ga kowace eka, ya fi biyan wahalar noma a watannin da hannu ke ƙaranci, ya kuma fi tsare gida daga yunwa idan damina ta yi gardama. Wanda ya zo wuni ɗaya da takardar tambaya mai gurbin amfani guda ga kowace gona ba zai taɓa ganin haka ba. Fadamar Haɗeja ta fi gonakin Zazzau wuyar sha'ani, tun da a can fili ɗaya manomi da masunci da makiyayi duk suna da haƙƙi a kansa, kowa da watanninsa.

Halin da ake ciki

Matsalar fadama ta sauya kama. Sakin ruwa daga madatsu rani da damina ya sa wasu rassan kogi ba sa bushewa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru, wasu garuruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su. Tsuntsayen jan-baki suna kwana cikin kacallar, da safe su sauka a kan shinkafa da gero. A 2006 jihohin Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu da Gwamnatin Tarayya a Damaturu, suka amince da kafa asusu na kula da kwarin kogin baki ɗaya, bayan an yi binciken yawan ruwan da ake da shi da yawan masu bukatarsa. Irin wannan rabo yana dogara ne ga mutumin da zai je bakin gada a Wudil ko Haɗeja ko Gashuwa kowace safiya ya karanta ma'auni ya rubuta. Aiki ne maras armashi, ba a yanka masa kirtani a taron buɗewa, saboda haka shi ne farkon abin da ake daina biya idan kuɗi ya yi ƙaranci, shekarar da ba a rubuta ba kuwa ta tafi ke nan. Ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa ta nuna ɗaya gefen bukatar, domin rabon iri da abinci ga waɗanda suka yi asara yana bukatar a san tun farko wa ke noma me, a ina.

A matakin ƙasa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar kowace ƙasa ta yi ƙidayar aikin gona bayan kowace shekara 10. Nijeriya ta yi a 1993 zuwa 1994, ba ta sake ba sai 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sami gidaje kimanin miliyan 40.2 masu aikin gona. A tsakanin nan an dogara ne ga ƙiyasin hukumomin raya aikin gona na jihohi da rahoton shekara-shekara na cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello. Hoton tauraron ɗan Adam ya sauƙaƙa auna faɗin ambaliya da na shuka, amma ba ya faɗin mai gonar, ba ya kuma ganin kifin da ke cikin ruwa.

A nan ne maganar ta shafi ɗaliban harshe. Takardun tambaya da Ingilishi ake tsara su, ma'aikaci ya juya su zuwa Hausa a ƙofar gida gwargwadon fahimtarsa. Kalmar da suke fassarawa da "gida" tana iya nufin mutum da matarsa da 'ya'yansu, tana kuma iya nufin gandu mai magidanta 4 da ke ci daga rumbu guda. Idan aka ce wa maigida "gonarka nawa?", zai lasafta gonakin gandu, ya bar gayaunar 'ya'yansa, ya bar wadda ya ba da aro ko jingina. Idan aka tambaye shi dabbobinsa, awaki da tumaki da kajin matan gida ba za su fito ba, domin ba nasa ba ne, ma'aikaci namiji kuma ba zai shiga cikin gida ya tambaya ba. Haka nan shinkafar da mata ke turarawa su sayar, da tabarmin kabar da ake saƙawa a tsakar gida. Mutumin Guri da ke noma da damina ya koma kamun kifi da kaka, in an ce ya zaɓi sana'a guda zai ce shi manomi ne, kifinsa ya ɓace daga lissafi. Tsara waɗannan tambayoyi da Hausa tun daga tushe, da tattara sunayen ma'aunai na kowace kasuwa, daga Gujungu zuwa Malam Madori da Haɗeja, tare da nauyin kowanne a sikeli, aiki ne da sashen Hausa da sashen tattalin arzikin noma za su iya raba wa ɗalibansu na shekarar ƙarshe.